Mai jego ta auna kafin ta sayi rigar nono

Ya Edita,

Assalamu alaikum. Muna roƙon ɗan fili a jaridarka domin wata magana da kunya ke hana mata yi a fili, wato rigar nono da kamfan da ya dace da mace bayan haihuwa. A nan Tahoua ana zuba kuɗi a kan atamfa da shaddar ranar suna, amma kayan ciki sai a aiki yarinya kasuwa ta zaɓo da ido. Daga nan ciwon nono da yawa yake farawa.

Ruwan nono yakan sauko sosai a kwana na 3 zuwa na 5, nonon ya cika ya yi nauyi, kuma girmansa ba ya tsayawa sai wajen mako 6. Saboda haka rigar da aka sa kafin ciki ba ta da amfani yanzu. A samo mitar tela, a auna kewayen ƙirji daidai ƙarƙashin nono, sannan a auna ta kan nonon kafin jariri ya sha. Idan awon farko santimita 80 ne, lambar Turai 80 ce, ta Faransa 95, ta Ingila 36. Kayan kasuwarmu a gauraye suke, sabo da gwanjo, shi ya sa mace kan sayi lambarta ta dawo gida rigar ta ƙi shiga. Tazarar da ke tsakanin awon biyu ita ke nuna zurfin kofi, wato mazaunin nono a rigar, wanda ake nunawa da harafi: santimita 16 zuwa 18 C ke nan, 18 zuwa 20 kuwa D.

Wadda ta saya a watan ƙarshe na ciki, ta ɗauki rigar da ta yi mata daidai a maƙalar baya wadda ta fi sakewa, don ƙirji zai ragu, sai ta riƙa matsowa. Yatsu biyu su iya shiga ƙarƙashin ɗaurin. In an cire rigar aka ga ta bar shaida a fata, ta yi kaɗan.

Abin da ya fi damunmu shi ne mai ƙarfe a ƙasa. Tana ɗaga nono ta yi kyau, gaskiya ne, amma ƙarfen na iya danne hanyoyin ruwan nono. Sai wuri guda ya yi tauri kamar tsakuwa, ya yi zafi, ya yi ja. In zazzaɓi ya biyo baya, a je likita a ranar, kuma kada a hana yaro shan wannan nonon, domin barinsa a cike yana ƙara ciwon. A ajiye mai ƙarfe har nono ya daidaita, a nemi mai faɗin hannu wadda ake buɗe kofinta da hannu ɗaya. Guda uku sun isa: ɗaya a jiki, ɗaya a wanki, ɗaya a bushe.

Kamfai kuma na auduga, guda 6 ko 7, mai duhun launi, mai faɗin da zai riƙe ƙunzugu, tunda jinin biƙi kan kai har arba'in. Wadda aka yi wa aiki ta sayi mai hawa har cibiya, saboda robar ƙaramin kamfai daidai kan ɗinkin take zama. Na nailan a zafin Afrilu da Mayu, lokacin da ake wuce digiri 40, gumi yake riƙewa, ya kawo ƙaiƙayi da saɓar fata. Bayan wankan jego a bari jiki ya bushe sarai kafin a sa komai.

Muna roƙon iyayenmu mata masu zaman jego da su bar shanya waɗannan kaya a bayan ƙofa ko ƙarƙashin zane don kunya. Rana ce ke busar da su da kyau. A ɗaura igiya a bayan ɗaki.

Ba mu ce mai jego ta bar ado ba. Akwai masu leshi a waje da auduga a ciki, masu launi mai daɗin gani, kuma tela mai hannu na iya shimfiɗa auduga a cikin kofin wadda aka riga aka saya. Maigida ma, in zai haɗa kayan fitar arba'in, ya tambayi lamba kafin ya tafi kasuwa.

Daga wasu ungozomomi biyu da wata mai ɗinkin kayan mata,
Tahoua.