Yamai zuwa Tawa awa ɗaya ce a sama, amma ina jirgin?

Assalamu alaikum malam edita, ina gaishe ka da aiki tare da duka ma'aikatan gidan rediyonku, Allah ya ƙara basira. Na saurari shirinku kan tafiyar jirgin sama cikin gida, inda kuka ce daga aeropor na Diori Hamani a Yamai zuwa filin jirgin Tawa awa ɗaya ta isa. Wannan gaskiya ne, don a miƙe wajen kilomita 370 ne tsakaninsu, kuma jirgi mai farfela irin su Fokker 50 yana cin kusan kilomita 500 cikin awa, to ko ka haɗa da tashi da sauka ba za ka wuce hakan da yawa ba.

Sai dai mu Adarawa ba wannan awar muke rayuwa da ita ba, tamu ita ce ta kar, wato babbar motar fasinja. Hanyar mota wajen kilomita 550 ce saboda gudron bai miƙe ba, sai ka bi ta Dosso, ka wuce Dutsi, ka kai Ƙonni, sannan a Tsarnawa ka karya arewa ta Badagishiri kafin ka ga Tawa, ga tsayawar sallah ga shingayen jami'an tsaro ga wuraren da hanya ta lalace, mutum ya je gar tun kafin asuba ya iso gida rana ta yi, awa takwas ko tara yana zaune ƙafafu sun kumbura. Mai lafiya ke nan fa. Na taɓa raka wata gwaggona da likita ya ce sai Yamai, cikin ambilans muka yi hanyar nan, duk ramin da muka faɗa sai ta yi nishi, wallahi har yau in na tuna raina ɓaci yake, ga filin jirgi nan bakin gari.

Ku duba ƴan ci-raninmu ma, kowa ya san yadda mutanen Tawa suka cika Abijan. Daga can zuwa Yamai wajen awa biyu ne a jirgi, amma daga Yamai zuwa gidan ubansa sai ya ɓata yini guda, wanda aka kira don rasuwa kuwa sai dai ya tarar an dawo daga maƙabarta. Alhazai ma haka suke sha in sun sauka, tsofaffi da kaya niƙi-niƙi.

Na san za a ce biye, wato tikitin jirgi, yana da tsada, talaka ba zai iya ba. To ai ba kowa ne zai hau ba, amma ƴan kasuwa da ma'aikata da masu mara lafiya za su cika ƙaramin jirgi in dai an san ranarsa tabbas, ko sau biyu ne a sati, kuma in an ce Litinin ya zama Litinin ɗin. An gyara filin Yamai a 2019 saboda taron Tarayyar Afirka, mu ma an yi mana ayyuka lokacin Tahoua Sakola, shirin ƙawata Tawa don bikin Ranar Jamhuriya, a 2017, abin da ya rage mana jirgi mai zuwa a kai a kai.

Roƙona malam edita, ku gayyato mutanen ANAC, hukumar kula da zirga-zirgar jiragen sama ta ƙasa, da na ma'aikatar sufuri cikin shirin, ku buɗe layi mu kira mu tambaye su da bakinmu nawa ne biye zai kama kuma yaushe za a sa Tawa cikin jadawali na dindindin.

Naku mai sauraro daga Tawa