Shirin zaɓen 'yan wasa a gasar intanet ta ƙwallon Amurka

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon fili a jaridarmu mai farin jini domin in ja hankalin matasanmu na Garwa da Marwa da suka fara shiga gasar nan ta intanet, wadda kowa ke haɗa ƙungiyarsa daga 'yan wasan NFL, wato babbar gasar ƙwararru ta ƙwallon Amurka, ana ba shi maki gwargwadon abin da suka taɓuka a fili.

Yawancinmu muna zuwa ranar zaɓen 'yan wasa hannu rabbana, alhali a nan ake cin gasar ko a faɗi. Idan mutum 12 ne, zaɓen yakan juya kamar tafiyar maciji, wato wanda ya fara a zagayen farko shi ne na ƙarshe a na biyu, saboda haka sai ya jira an ɗauki 'yan wasa 22 kafin layi ya dawo kansa. Mai hankali yakan jera sunaye rukuni-rukuni a takarda tun da wuri, ya fara da masu gudu da ƙwallo da masu cafewa, domin ƙwararrunsu ba su da yawa, ya jinkirta mai jefawa, ya bar mai bugu da ƙafa zuwa ƙarshe. Ya kuma karanta dokar maki, tunda wasu gasannin suna ba da maki ɗaya a kan kowace cafewa.

Abin da aka fi mantawa shi ne hutu: ƙungiyoyin NFL 32 ne, kowacce tana buga wasa 17 cikin mako 18, kuma ni kaina na taɓa tara taurari uku masu hutu a mako guda, na sha kashi.

Naku,
Mai karatu daga Garwa, Kamaru