Kafin ka canza rediyo, gwada haɗa eriya da hannunka

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka da sauran ma'aikata, Allah ya ƙara basira. Dan Allah ka ba ni ɗan fili in yi magana kan abin da ya daɗe yana damuna a matsayina na mai gyaran rediyo, wato yadda mutanenmu musamman na karkara suke ta kashe kuɗi suna canza rediyo wai ba ya kama tasha, alhali akwatin lafiyarsa lau, eriya ce kawai ta gaza. Wallahi abin yana min ciwo, mutum ya sayar da tiya biyu ko uku ta hatsi ya sayo sabo, ya je gida ya kunna ya ji shuuu ɗin nan dai da ya gudu ita ce ta tarbe shi.

Mu fa mutanen rediyo ne, tun 1957 BBC take magana da Hausa, Muryar Jamus ta biyo a 1963, Muryar Amurka a 1979, kuma duk wanda ya taso yana sauraro ya sha jin mai gabatarwa yana cewa za ku same mu a kan mita 16 da mita 19 da mita 25. To wannan mitar da ake faɗa awo ne na gaske irin wanda za ka iya miƙa tef ka auna, tsawon igiyar saƙon ne a cikin iska. Idan ka raba 300 da lambar megahaz ta tasha, wato lambar da kake murɗawa a rediyo ka kama ta, abin da ya fito shi ne tsawon igiyar a mita. Ita kuma eriyar tsaye da nake so ka haɗa, wato sandar ƙarfe ɗaya mai kallon sama, wadda masana suke laƙaba wa sunan Marconi, mutumin Italiyan nan da ya tsallakar da saƙon rediyo daga Ingila zuwa gaɓar Newfoundland, wadda yanzu take cikin Kanada, a watan Disamba na 1901, rubu'in wannan tsawon kawai take buƙata, sai a ɗan rage kamar kashi 5 cikin 100 saboda saƙo ba ya gudu a jikin ƙarfe kamar yadda yake yi a sarari. A taƙaice ka raba 71.5 da megahaz ɗinka, ka samu tsawon sandarka. Na FM in ka ɗauki tsakiya wajen 98 zai ba ka santimita 73, na mita 19 kuma in tashar tana wajen 15.2 kusan mita 4 da santimita 70, na oba-oba irin wadda 'yan sintiri suke riƙewa in tana aiki wajen 145 santimita 49 ne kacal.

Kayan haɗin ma ba wani abin tashin hankali ba ne. Wayar jan ƙarfe mai kauri irin ta wayarin ɗin gida ko sandar tagulla ta masu walda, da kebul irin na dish, da ɗan dalma, da gora ko fayif na roba da za ka ɗaga ta a kai. Sandar tsakiya ka tsayar da ita cak tana kallon sama, ka haɗa ta da zaren tsakiyar kebul. Sai ka yanko wasu guda huɗu masu irin tsawonta ko su ɗan ɗara kaɗan, su ne ƙafafu, ka baza su gabas da yamma kudu da arewa daga gindin sandar, su kuma ka haɗa su da ragar nan ta kebul da take kewaye da zaren tsakiya. Kar ka bari ko gashi ɗaya na ragar ya taɓa zaren tsakiya, da yawa a nan suke faɗuwa, su ce abin ƙarya ne ba ya aiki. In ka gama ka naɗe mahaɗar da tef sosai, ruwan sama in ya shiga cikin kebul ya gama da shi.

Ƙafafun nan su ne abin da mutane suke rainawa, kuma su ne rabin eriyar. Wani zai kafa doguwar sanda ya buga ƙarfe ɗaya a ƙasa ya ce ya yi at, wato ya haɗa eriyar da ƙasa, to ƙasarmu ta nan arewa da rani busasshiya ce ƙarau, yashi ne, ba ta ɗaukar lantarki yadda ya kamata, ƙarfin saƙon a cikinta yake ɓacewa. Shi ya sa ƙafafun waya suka fi. Wanda yake da rufin kwano kuwa Allah ya hutar da shi, in ya kafa sandar a kan rufin ya haɗa ragar da kwanon a wurin da ya kankare tsatsa da fenti, kwanon zai tsaya a madadin ƙafafun.

Sai maganar daidaitawa, nan ne nake so 'yan uwana masu gyara su buɗe kunne. Kowace eriya da kowane kebul suna da wani awo nasu da ake ƙirgawa da om. Na'urorin aika saƙo irin su oba-oba 50 suke so, kebul ɗinsu kamar RG-58 shi ma 50 ne, na dish kuma RG-6 75 ne. Ita eriyar tsaye in ƙafafunta suna kwance a miƙe wajen 36 take bayarwa, amma da zarar ka lanƙwaso su ƙasa kamar digiri 45 sai ta hau zuwa kusan 50, ba ka sayi komai ba, hannu kawai ka sa. In awon bai zo ɗaya ba abin yana zama kamar ka haɗa babban fayif da ƙarami, ruwan ba zai wuce duka ba, wani zai dawo baya. Wannan dawowar ita ake aunawa da wata na'ura mai suna mitar SWR. In ta nuna 1.5 kashi 4 cikin 100 ne kawai yake dawowa, babu damuwa, in 2 ce wajen kashi 11 ne, in ta kai 3 kuwa rubu'in ƙarfin ne gaba ɗaya yake komowa, kuma shi ne yake sa na'ura ta ɗau zafi har wata ta ƙone. Dabarar ita ce ka yanke sandar da ɗan rara tun farko, ka ɗaga ta inda za ta zauna ka auna, in wurin da SWR ta fi sauka yana ƙasa da lambar tasharka to sandar ta yi tsawo, sai ka rage kaɗan-kaɗan, a na oba-oba ma milimita biyu ko uku ya isa a lokaci ɗaya, ka sake aunawa. Kar ka auna tana jingine da bango ko kana riƙe da ita, jikinka ma yana canza lissafin. Yanzu akwai 'yar na'ura NanoVNA da take zana maka komai a allo, in masu gyara uku ko huɗu na kasuwa ɗaya suka haɗa kuɗi suka saya ta ishe su.

Amma mai sauraro kawai kar wannan lissafin ya tsorata shi, shi ba ya aika komai, babu abin da zai ƙone, kebul ɗin dish ya wadatar. Abin da ya fi masa muhimmanci a FM shi ne tsayi, domin saƙon FM kusan a miƙe yake tafiya, tudu da gini suna tare shi, ka ɗaga eriyar ta wuce rufi za ka ji bambanci nan take. A gajeren zango kuma in ƙaramin rediyo ne kar ka ɗaure masa doguwar waya kai tsaye, tashoshi za su cakuɗe masa, ka naɗa wayar da robarta sau huɗu ko biyar a jikin eriyarsa ya isa. Kuma ka nisanta ta da inbata da cajar waya da ƙwayayen lantarkin nan masu arha, eriyar tsaye akwai ta da kwasar hayaniyarsu.

Dan Allah a kiyaye rai. Kar a kafa sanda kusa da wayar NEPA, a bar tazarar da ko iska ta kayar da ita ba za ta taɓa ba. Da damina da zarar hadari ya haɗo a cire kebul daga jikin rediyo a fitar da bakinsa waje, aradu dogon ƙarfe take nema. Sannan matasan da suke haɗa ƙaramar tashar FM a ɗaki su sani watsa shirye-shirye sai da lasisin hukumar NBC mai kula da gidajen rediyo da talabijin, abin da nake bayani a nan na sauraro ne da na masu izinin riƙe oba-oba.

Roƙona gare ka Edita, ku ware mana ko rabin shafi ne a wata domin irin wannan ilimin na hannu da Hausa, da zane da awo, kuma kwalejojinmu na fasaha su riƙa sa yara suna yanka waya suna aunawa da kansu kafin a ba su takarda. In kun amince ni a shirye nake in turo zanen ta FM da ta mita 19 ku buga.

Na gode, a huta lafiya.

Naku,
Mai gyaran rediyo daga Funtuwa