Sanarwa ga ma'aikatan jinya na sashenmu

Assalamu alaikum ƴan uwa, barkanmu da aiki.

Za mu zauna ranar Alhamis da ƙarfe 2, bayan miƙa aiki, kan majinyatan da ƙwayar cuta ke shiga jininsu ta robar da ake sa musu a jijiya don tura magani.

Kafin nan, don Allah a wanke hannu, a goge bakin robar da sifirit na daƙiƙa 15, a bari ya bushe sannan a tura magani. Gaggawa ce ke kayar da mu a nan. Filastar da ke rufe wurin da robar ta shiga, wadda ake hango fata ta cikinta, duk kwana 7 a canza; in ta jiƙe ko ta ɗaye, nan take. Wanda zazzaɓi ko rawar sanyi ya kama, a kira likita, a ɗebi jinin gwaji ta robar da kuma ta wata jijiyar kafin a fara maganin kashe ƙwayar cuta.

Masu aikin dare, ku turo uzurinku. Allah ya ba mu sa'a.