Buɗaɗɗiyar wasiƙa: da me ake auna ƙa'idar ingancin bayanan kuɗin asibiti?

Malama,

Assalamu alaikum. A taron ma'aikatan lissafi kin tambaye ni gaban jama'a cewa, tunda ƙa'idojin ingancin bayanai sun yi yawa, wacce ya kamata asibiti ya riƙa? Lokaci ya ƙure kafin in gamsar da ke, ga amsar yanzu.

Kusan dukkansu abu ɗaya suke jerawa: bayani ya cika, ya zama daidai, ya zo a kan lokaci, kada ya saɓa wa kansa, kada a maimaita shi. Ni abin da nake dubawa shi ne, ƙa'idar tana kai ki har gaban fayil ɗin majiyyaci, ko a fuskar kwamfuta take tsayawa?

Ga dalili. Tun 1983 shirin inshorar lafiya na gwamnatin Amurka mai suna Medicare yake biyan asibitoci bisa rukunin cuta, wato DRG, ƙasashe da dama kuma suka bi sahu. A irin wannan tsari lambar cutar da aka shigar ita ce kuɗin. Na taɓa bincike a wani asibiti da rahotonsa ya nuna babu gurbin da aka bari fanko, shugabanni sai murna suke. Da na buɗe fayilolin, sai na tarar duk inda rubutun likita ya gagari mai shigar da bayanai, lambar "ba a fayyace ba" yake sakawa. Kamfanin inshora yana ta mayar da takardun neman biya, ba wanda ya san dalili. Wata majiyyaciya ma lambar rajista biyu gare ta, don an rubuta sunanta iri biyu, aka caje ta gwaji ɗaya sau biyu. Wannan ya fi komai taɓa mini zuciya, domin ita ba ta da hanyar ganewa.

Shi ya sa nake yaba wa kundin duba ingancin bayanai da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2017. Ba don harkar kuɗi aka yi shi ba, amma ya tanadi a koma rajistar asali a sake ƙirgawa, a gwada da abin da aka kai rahoto.

Ki kuma duba ko ƙa'idar ta tanadi horar da masu saka lamba, tunda ICD-11, sabon kundin lambobin cututtuka na duniya, ya fara aiki a Janairun 2022, kuma komai daɗewa asibitoci za su koma kansa. In kin turo mini wadda kuke son ɗauka, shafin da zan fara nema shi ne wanda ya faɗi wa ke da alhakin gyara kuskure, kuma cikin kwana nawa.

Na gode, a huta lafiya.