Kafin a Kira Bidiyon Rock Hauka, a Yi wa Masu Kallo Bayani

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ku da ma'aikatanku baki ɗaya, ina neman izini in yi tsokaci a kan shirinku na waƙoƙin ƙasashen waje da kuke sawa daren Asabar. A makon jiya mai gabatarwa ya ɗauko bidiyon waƙar ƙungiyar Nirvana, Smells Like Teen Spirit, ya bar shi ya ɗan taɓa tafiya, sai ya katse. Ya ce wannan ba waƙa ba ce, yara ne suka yi tatul suka hau tsalle-tsalle, ba tsari ba kan gado. Daga nan ya wuce zuwa wata waƙar.

Ban ce dole kowa ya so wannan kiɗa ba. Kunnen da ya tashi da kalangun Shata da kuntigin Ɗan Maraya zai iya jin ƙarar jitar nan ta yi masa yawa, kuma ba laifi ba ne. Maganar "ba tsari" ce ta tsaya mini a rai, domin ba haka abin yake ba. Sana'ata ɗaukar hoto da tace bidiyo, kuma na san irin gumin da ake zubarwa kafin hoto ya fito a hargitse da gangan. Waɗannan bidiyoyi suna da ƙa'idojinsu, kuma an san mutanen da ake yi dominsu.

Tashar MTV ta Amurka, mai nuna bidiyoyin waƙa, ta fara aiki ranar 1 ga Agustan 1981, kuma cikin 'yan shekaru bidiyon rock ya koma fagen nuna isa: mawaƙa masu tulin gashi da kaya masu ƙyalli, manyan motoci, mata rabi tsirara, ƙaton dandamali cike da fitilu. A gefe kuma akwai ƙungiyoyin samari da ke ganin duk wannan ƙarya ce da talla. Ƙananan kamfanoni ne ke buga musu faifai, irin su Sub Pop na birnin Seattle, gidajen rediyon jami'o'i ne kuma ke sa waƙoƙinsu. Kiɗansu ne ake kira alternative rock. A 1986 MTV ta ware musu shiri mai suna 120 Minutes, awa biyu can cikin daren Lahadi, bayan yawancin gida sun kwanta. Lokacin da aka ba shirin ma ya isa ya nuna su wa ke kallo: ɗalibai, da matasan da ke jin ba su da gurbi a cikin sa'o'insu, waɗanda za su hana idonsu barci don su ga abin da ba a sawa da rana.

A wannan shiri aka fara nuna bidiyon da mai gabatarwarku ya katse, a ƙarshen Satumban 1991. Wanda bai san makarantun sakandaren Amurka ba ba zai gane abin da yake gani ba. Suna da al'adar tara ɗalibai a zauren wasanni kafin babban wasa, a yi ta kiɗa da kirari ana zuga 'yan ƙwallon makaranta, 'yan mata cikin kayan ado suna rawa a gaba. Ranar ta masu farin jini ce. Wanda ba ya buga ƙwallo, ba shi da kuɗi, ba a yi da shi, nasa ya zauna a benci ya tafa wa wasu. Wannan taron bidiyon ya ɗauka ya kife shi.

Ku sake kallonsa a natse. Zauren ya yi duhu, hasken ja-ja ne mai datti, hayaƙi ya turnuƙe. 'Yan matan rawar baƙaƙen kaya suka sa, da harafin A cikin da'ira a ƙirjinsu, alamar masu ƙin kowace irin hukuma. Wani dattijo mai aikin shara yana gefe yana rangaji riƙe da sandar goge ƙasa, shi ne kuma mafi ƙarancin matsayi a makarantar. Kurt Cobain, jagoran ƙungiyar, gashi ya rufe masa fuska, riga ce mai ratsi-ratsi a jikinsa irin wadda kowane yaro zai iya sawa, ba murmushi, ba kwarkwasa da kyamara. Babu wani dogon dandamali da ya raba shi da masu kallo, ƙasa ɗaya suke takawa. Da waƙar ta kai ƙarshe ɗaliban suka sauko daga benci suka cakuɗe da mawaƙan, har ba ka bambance mai kiɗa da mai sauraro.

An ɗauki wannan aiki a Culver City ta jihar Kalifoniya cikin Agustan 1991, kuma shi ne bidiyon farko na darakta Samuel Bayer. Yaran da ke ciki masoyan ƙungiyar ne na gaske da aka gayyata ta takardun da aka rarraba. An zaunar da su sa'o'i ana ta maimaita waƙa ɗaya har suka ƙosa, da aka sake su a ƙarshe sai suka far wa wurin da gaske. Duk da haka Cobain bai gamsu da tacewar farko ba. Ya shiga ɗakin tacewa da kansa, aka cire wasu hotuna, aka sa hoton fuskarsa kusa-kusa a ƙarshe. Mutumin da ya koma ɗakin tacewa saboda hoto guda ya san abin da yake so. Zuwa Janairun 1992, kundin Nirvana mai suna Nevermind, wanda wannan waƙa ke ciki, ya ture Dangerous na Michael Jackson daga saman jadawalin Billboard na faifan da suka fi kasuwa a Amurka, abin da ya nuna yawan yaran da suka ga kansu a kan benci ɗin nan.

To ga ƙa'ida ta farko, kuma ita ce uwa: ba a nuna mawaƙi a matsayin sarki. Ba ya nuna dukiya, ba ya nuna ya fi mai kallo, wani lokaci ma ba ya fitowa sam. Ƙungiyar The Replacements ta birnin Minneapolis ta kai abin maƙura a tsakiyar shekarun 1980, ta fitar da bidiyo fari da baƙi wanda kyamara ta kafe a kan sifika daga farkon waƙa har ƙarshe, sannan wani ya tashi ya sa ƙafa ya fasa ta. Michael Stipe na ƙungiyar R.E.M. ya yi shekaru yana ƙin motsa baki ya bi waƙar da aka riga aka naɗa, yana ganin yaudarar masu kallo ce. Wurin waɗannan mutane, a ce da kai ɗan talla ya fi a ce ba ka iya kiɗa ba zafi.

Ƙa'ida ta biyu ita ce ta fi burge ni a matsayina na mai wannan sana'a: ba a ƙarasa wa mai kallo labari. Ku duba bidiyon Just na ƙungiyar Radiohead ta Ingila, wanda Jamie Thraves ya ba da umarni a 1995. Wani mutum cikin kwat ya zo tsakiyar hanyar masu ƙafa a Landan ya kwanta. Wani ya yi tuntuɓe da shi, ya tambaye shi lafiya, ya ce a ƙyale shi. Jama'a suka taru, har ɗan sanda ya zo. Ba a jin muryarsu, a rubuce maganar ke fitowa a ƙasan allo. Suka matsa masa sai ya faɗi dalilin kwanciyarsa, yana ce musu ba za su so su sani ba. Da ya gaji ya buɗe baki, kyamara ta matso kan leɓɓansa, sai rubutun ya ɗauke. Hoto na gaba, duk taron nan sun kwanta a ƙasa kamar yadda ya kwanta, mawaƙan kuma suna leƙowa ta tagar bene. Har yau masoya na musu a kan abin da ya ce. Mai kallon irin wannan ba ya son a tauna a ba shi a baki, so yake a bar masa aikin da zai yi da kansa. Ba mamaki da daraktoci suka yi suna a wannan zamani har MTV ta fara rubuta sunansu tare da na mawaƙi a ƙarshen 1992.

Ranka ya daɗe, akwai labari guda da nake ganin ya shafi kujerarku kai tsaye. A 1992 ƙungiyar Pearl Jam ta fitar da bidiyon Jeremy, aikin Mark Pellington, a kan wani yaro ɗan shekara 15 da ya harbe kansa a gaban 'yan ajinsu a jihar Texas cikin Janairun 1991. Manufar ita ce a nuna yaron da iyaye da malamai suka yi biris da shi. Dokar MTV ta hana nuna bindigar a hoton ƙarshe, sai aka datse ta. Abin da ya rage shi ne 'yan aji sun sandare da jini a rigunansu, don haka masu kallo da yawa suka ɗauka yaron ne ya harbe su. Almakashi ya sauya ma'anar aikin gaba ɗaya. Bidiyon ya lashe kyautar gwarzon shekara ta MTV a 1993, amma ƙungiyar ta janye daga yin bidiyo har 1998, kuma sai a 2020 ta saki cikakken a hukumance. Duk wanda ke riƙe da almakashi a gidan talabijin ya kamata ya san wannan labari. Datsewa ba tare da bayani ba tana iya sa mutum faɗin abin da bai faɗa ba, kuma abin da ya faru a shirinku ke nan.

Kada a fahimce ni a baibai. Ba cewa nake duk abin da ke cikin wannan duniya alheri ba ne. Cobain ya yi fama da hodar heroin, ya kashe kansa a Afrilun 1994 yana ɗan shekara 27, ba kuma shi kaɗai ƙwaya ta cinye a cikin mawaƙan Seattle ba. Iyayen da ke tsoron abin da 'ya'yansu ke kallo suna da gaskiya, kuma akwai bidiyoyi da yawa da ni ma ba zan yarda a sa su a falona ba. Ku kuma akwai dokokin hukumar NBC mai kula da gidajen rediyo da talabijin a kanku. Haka nan tawayen nasu bai hana kasuwa haɗiye su ba. Babban kamfani ne, Geffen, ya fitar da Nevermind, kuma kafin 1992 ta ƙare mai zanen kaya Marc Jacobs ya kai irin tsummokaran da mawaƙan nan ke sawa dandalin nuna tufafin masu kuɗi a New York. Wannan ma ya dace a gaya wa matasanmu, don su san cewa kayan da ake sayar musu da sunan 'yanci akwai mai ƙirga riba a bayansa. Amma sai an tsaya an yi bayani ake iya faɗin duk wannan. Kalmar "hauka" ba ta koya wa yaro komai, sai dai ta tura shi YouTube ya kalla shi kaɗai, inda bidiyon na Nirvana ya haura kallo biliyan ɗaya tun Disamban 2019.

Sannan abin bai yi nisa da mu yadda ake zato ba. Mdou Moctar, Ba'abzinen nan na Nijar mai kaɗa jita da hannun hagu, a Sakkwato ya naɗi kundinsa na farko, Anar, a 2008, da salon muryar na'ura irin na waƙoƙin Hausa na lokacin. Ta katin waya da Bluetooth waƙoƙinsa suka yaɗu a Sahel kafin su tsallaka teku. Yau kamfanin Matador na New York, ɗaya daga cikin gidajen wannan kiɗa na rock, shi ya fitar masa da Afrique Victime a 2021 da Funeral for Justice a 2024. Bombino na Agadas kuwa Dan Auerbach na ƙungiyar The Black Keys ne ya shirya masa kundin Nomad a 2013. Masu sauraron da suka tashi da Nirvana da Radiohead suna cikin masu cika zaure a Amurka da Turai don jin jitar maƙwabtanmu. Ban taɓa ganin ko ɗaya daga cikin mutanen nan biyu a shirinku ba.

Roƙona kaɗan ne. Idan za a sa irin wannan bidiyo, a ba mai gabatarwa minti biyu ya faɗi shekarar da aka yi shi, da wanda ya ba da umarni, da su wa aka yi wa. Idan bai dace a nuna ba, a bar shi gaba ɗaya, ya fi a nuna guntu a bi shi da zagi. A riƙa rubuta sunan darakta a ƙasan allo, har da na waƙoƙinmu na gida, domin yaran da ke wannan aiki a Kano da Kaduna da Jos sun cancanci a san su. Da yawansu suna cin bashi su yi hayar mota da gida don mawaƙi ya fito a attajiri, alhali da sun ga mutumin nan kwance a titin Landan za su san dabara ɗaya mai kyau tana iya ɗaukar minti huɗu ba tare da ko babur ba. Kuma a ware dare ɗaya ga Mdou Moctar da Bombino.

Allah ya ƙara basira, ya ɗaukaka wannan tasha.

Naku,
Mai kallonku daga Zariya