Kafin a yanka kazar da ke saran 'yan'uwanta, a duba akurkin

Ranka ya daɗe Edita,

Assalamu alaikum. Ina neman fili a jaridarka mai farin jini domin in ja hankalin masu kiwon kaji a bayan gida, musamman mata da matasa da suka rungumi kiwon Noila (irin kajin da ake kiwo don nama da ƙwai) da kajin ƙwai, kan matsalar da ke cin jarinsu a hankali, wato kaji su riƙa sara da figar junansu har wata ta mutu.

Kowane garke yana da manya da ƙanana, kuma ɗan sara a ka lokacin cin abinci ba abin damuwa ba ne. Abin damuwa shi ne a ga kaza ta maƙale a lungu ba ta zuwa ci, bayanta ko gindin jelarta ya zama fili, ko zankonta yana jini. Jini kuwa babban haɗari ne, domin jan abu yana ɗaukar idon kaza. Da zarar sun gan shi sai su taru a kai, kuma idan a dubura ne suna iya zaro hanjinta cikin yini guda.

Saboda haka wadda aka ji wa ciwo a cire ta nan take, a wanke wurin da ruwan ɗumi mai ɗan gishiri, a shafa GV, shuɗin maganin nan da ake samu a kemis. Yana busar da ciwo, yana kuma ɓoye jan. Kada ta koma sai ta warke sarai.

Sai a nemi dalili, kuma mafi yawa cunkoso ne. A ɗakin kwana kada a wuce kaza uku a murabba'in mita ɗaya, a filin yini kuma kowace ta sami kusan murabba'in mita ɗaya. Mutane suna sayen 'yan tsaki hamsin, su manta cewa akurkin da ya ishe su a mako biyu ba zai ishe su a wata huɗu ba. Mazubin abinci da na ruwa su zama aƙalla biyu-biyu, nesa da juna, yadda kaza ɗaya ba za ta tsare su duka ba. Wurin ƙwai ɗaya ga kaza huɗu ko biyar, kuma ya zama mai ɗan duhu, domin a fili ne sauran ke hango duburar mai yin ƙwai su far mata.

Abinci ma yana da hannu. Dusa da tsaki kaɗai ba sa isar kazar da ke ƙwai. Tana bukatar kimanin giram 110 zuwa 120 a rana na abinci mai furotin kashi 16 zuwa 17 cikin ɗari. Idan ta rasa sai ta koma cin gashin 'yar'uwarta. A rataya musu ganyen zogale ko alayyahu daidai tsayin kai, a watsa ɗan hatsi cikin ƙaiƙayi su yi tono, a ajiye rairayi da toka su yi birgima, wanda yake rage ƙwarƙwata. A watannin Maris zuwa Mayu a ƙara inuwa da ruwa mai sanyi, kuma a daina barin ƙwan lantarki a kunne har asuba. Haske awa 16 ya wadatar.

Idan an gyara waɗannan kuma akwai guda ɗaya da ta ƙi dainawa, ita za a keɓe, mako ɗaya zuwa kwana goma, inda sauran ba sa ganinta. Sau da yawa tana dawowa ta tarar matsayinta ya faɗi. In ta koma halinta, a yanka ko a sayar.

Sabbin kaji daga kasuwa kuma kada a jefa su cikin garke kai tsaye. A killace su mako biyu zuwa huɗu saboda cuta, sannan mako guda a bayan ragar waya inda za su riƙa ganin juna, kuma a haɗa masu girma ɗaya. Yanke baki da wasu ke gaggawar yi da reza yana jawo zubar jini da ƙin cin abinci. In ya zama dole, a kira ma'aikacin dabbobi ya yi.

Na gode.

Mai kiwon kaji,
Zariya